Goggo A-Canja da Kekunan Ɗinki Ashirin

Idan ka shiga kasuwarmu ka tambayi Goggo A-Canja, ba wanda zai ce maka wace ce. Wani zai fashe da dariya, wani ya dafe kai, mai sayar da robobi kuwa sai ya fara leƙen bayanka ko tare kuke. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida har ta kai ni ɗakina, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Da idona na gani, sau da yawa ma ni ke riƙe mata jaka.

Daga bakinta sunan ya fito. Duk abin da Goggo ta saya, ta je gida ta tarar ba yadda aka ce mata yake ba, to sai ya koma inda ya fito. Fitila, takalmi, makulli, har ashanar da ta sha sanyi. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Za ta ajiye maka kayanka a kan tebur, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, a canja min." In ka ce ba a canjawa, sai ta ce to, ta jawo bencinka ta zauna. Duk mai sayen da ya zo ta gaishe shi da fara'a, ta tambayi iyali, sannan ta nuna masa abin da ka sayar mata. Ban taɓa ganin wanda ya wuce awa biyu ba.

Mijinta, Baba Direba, yakan ce, "Ni kaɗai ne ba ta mayar ba, shi ma don ba a ba ta rasit ba ne." Ita kuma ta ce, "Wa ya gaya maka na daina nema?"

Amma abin bai fara da wasa ba. Tana amarya ta sayi risho, mai shagon ya rantse mata sabo ne. Ranar farko ya tashi da wuta, ya cinye mata fatar hannun hagu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Da ta koma, mutumin ya ce abin da aka saya an saya. Kwana uku ta yi tana zama a ƙofar shagonsa da hannun a buɗe, ba bandeji, kowa ya gani. Har yau tabon yana nan, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yarda da rantsuwar mai sayarwa ba.

Sana'arta ɗinki. Shekara talatin tana taka keke a tsakar gida, har idonta ya daina ganin kafar allura. Kunnen dai Allah Ya bar mata shi garau. Tana zaune a ɗaki za ta ce, "Telan bakin titi bai sa wa kekensa mai ba yau," ka je ka tarar haka ne. Boko kuwa ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba.

To, yadda ta shiga siyasa, bokiti ne ya kai ta.

Lokacin kamfen, Kansilanmu ya raba wa mata bokitai masu hotonsa yana murmushi. Na Goggo yana yoyo ta gindi. Bayan ya ci zaɓe ya kira taron mazaɓa a filin makarantar firamare, za a zaɓi wakilin unguwa a hukumar gudanarwar kwaleji. Kwalejin al'umma ce, tana ƙarshen layinmu, ana koyar da ɗinki da walda da aikin wuta da aikin ofis. Ni ma a can na koyi buga takarda, abin da nake ci da shi ke nan yanzu. Mutum tara ne a hukumar, kujera ɗaya ta unguwa ce. Jama'a ke zaɓa, amma duk shekara sai Kansila ya sa hannu kafin a sabunta wa'adin. Ya riga ya zo da mutuminsa, wani mai babbar riga da ya zauna a gaba yana ta gyara hula.

Kansila na tsakiyar jawabi sai ga Goggo ta ratso tsakiyar fili da bokitin cike da ruwa. Wayyo ni, da ƙasa za ta tsage da na shige! Tana tafe ruwa na zuba, ta ja layi tun daga bakin ƙofa har gaban teburin manya. Ta dire shi, ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, a canja min."

Kansila ya yi 'yar dariya a lasifika, ya ce, "Haba Goggonmu, ai kyauta ce."

Ta ɗaga babban yatsanta sama, ta ce, "Kyauta? Ni da na biya da wannan? Tun safe nake layi a rana na dangwala maka."

Filin nan ya ɗauka! Mata suka miƙe, wannan na cewa nata ma yana yoyo, waccan na cewa marikin nata ya cire tun ranar farko. Wani tsoho ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Da aka zo maganar wa za a tsayar, kafin mai babbar riga ya gama miƙewa, wata mai ƙosasshiyar murya daga baya ta ƙwala, "Goggo A-Canja!" Hannuwa suka tashi, wasu ma bibbiyu suka ɗaga. Kansila ya tafa da kowa, yana murmushi irin na jikin bokitin.

Ban taɓa ganin Goggo cikin farin ciki irin na ranar zamanta na farko ba. Na raka ta. Ɗakin taron yana saman bene, da dogon tebur da fanka biyu, ɗaya na juyawa ɗaya na hutawa. A gaban kowace kujera akwai ɗan allon katako da rubutu. Ta tsaya a gaban nata, ta ce min a hankali, "'Yar nan, me aka rubuta?" Na ce, "Wakiliyar Unguwa." Ta ce in sake. Sau uku na karanta mata. Ta zauna, ta dafa hannuwan kujerar, ta ɗan girgiza ta don ta ji ko tana da ƙarfi, sannan ta juyo ta kashe min ido.

Da muka dawo gida da rawa ta shiga. Mace mai shekara sittin da biyu, da ciwon gwiwa, tana juyi a tsakar gida tana cewa, "Direba, ka tashi ka gaida hukuma!" Shi kuwa ya cire hula ya rusuna har ƙasa, ya kasa tashi, sai da muka ɗaga shi mu biyu. Mun yi dariya har cikina ya ƙulle.

Sati biyu ta yi tana koyon sa hannu. Ta ce ita ba za ta dangwala yatsa a gaban masu digiri ba. Ta cika bayan kalanda, ta cika kwalin sabulu, ta koma bangon kicin da gawayi. Da hannun ya faɗa, duk wanda ya shigo gidan sai ta sa masa hannu a wani abu. Mai kawo ruwa ma bai tsira ba, a hularsa ta yi masa.

Kafin kowane zama, sai ta zo shagona da fayil ɗinta, in ajiye aikin mutane in karanta mata takardun tun daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya take ji ta riƙe. A zama na uku ne ta fara ba shugaban kwaleji ciwon kai. Allon da ke bakin ƙofar kwalejin ya ce akwai ɗaki mai kwamfuta talatin. Goggo ta je ta ƙirga da yatsa, ta samu tara, biyu ma ba sa kamawa. Ta ce wa hukuma, "Yaran nan allon suka gani suka shigo. Ko a ƙaro kwamfuta, ko a rage allo." Wani lauya da ke cikinsu ya fara bayani mai tsawo, ta bar shi ya gama, ta ce, "Allah Ya ƙara ilimi. Tara ne dai." Aka goge allon. Daga nan ɗalibai suka gano ta. In famfo ya mutu, Goggo. In malami ya yi wata bai shiga aji ba, Goggo. Tana tafe a harabar suna biye da ita, ita kuwa sai wani taku take yi, jaka a hammata.

Wata goma sha ɗaya ana haka, sai maganar kekuna ta taso. An ba da kwangilar sababbin kekunan ɗinki ashirin, saboda tsofaffin an kwashe su bara an sayar a matsayin tarkace, 'yan ajin ɗinki su arba'in suna layi a kan guda huɗu. Dokar kwalejin ta ce ba a karɓar kaya sai mutum uku sun sa hannu: shugaba, da malamar sashen, da wakilin unguwa. Ɗan kwangilar kuma ƙanin matar Kansila ne, wannan ko kajin unguwa sun sani.

Ana jibi za a kawo kayan, da la'asar, Kansila ya zo gidanmu da kansa. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya yabi Goggo har na fara jin kunya a madadinsa. Sannan ya ce, "Goggonmu, wata mai zuwa wa'adinki zai cika. Takardar sabuntawa tana kan teburina, biro kawai nake nema. Jibi in an kawo kayan nan, kar a wahalar da ke da dube-dube, ki sa hannun nan naki mai kyau mu wuce wurin."

Ni da ke bakin ƙofa raina ya ɓaci, na buɗe baki, Goggo ta harare ni na rufe. Ta ce masa, "Allah Ya kai mu jibin, ɗana."

Bayan ya tafi ta ce min, "Kin ji abin da ya ce ko? In na sa hannu, kujera tawa ce. In ban sa ba, ta tafi." Na ce na ji. Ta ce, "To ki taya ni addu'a kekunan nan su zama masu kyau. Wallahi so nake su zama masu kyau."

Ranar ta zo. An jera kekunan a ɗakin ɗinki, layi huɗu, baƙaƙe wuluk suna ƙyalli, kowanne da leda a kansa. An kawo mai hoto. Kansila na nan, ɗan kwangila na nan da takarda a hannu, shugaban kwaleji ya riga ya sa nasa hannun tun a ofis. Malamar ɗinki, wata siririyar mata mai tabarau da ba ta cika magana ba, tana tsaye a gefe. Ɗalibai sun cika tagogi.

Aka miƙo wa Goggo biro. Ta karɓa, ta soke shi a ɗankwali, ta buɗe jaka. Sai ga ƙyallaye ashirin da ta yanka tun a gida, da zare, da 'yar kwalbar mai. Ɗan kwangila ya ce, "Hajiya, ai sababbi ne fil, daga kwali." Ta ce, "Madalla, ashe ba za mu daɗe ba."

Ta cire takalmi ta hau na farko. Ni na zura mata zare tunda ba ta gani. Ta rufe ido ta taka. Keken ya tafi sumul, sai ka ce ruwa ake zubawa. Fuskarta ta washe, ta ce, "Kai, wannan yaro ne, ko haƙori bai fitar ba!" Ɗalibai suka yi tafi. Na biyu haka, na uku haka. Goggo har waƙa take yi ƙasa-ƙasa, tana kaɗa kai, tana yi wa Kansila kirari. Ni ma na saki jiki, na ce Allah Ya karɓi addu'a.

A na biyar ne waƙar ta tsaya. Ta taka, ta tsaya, ta karkata kunne, ta sake takawa. Ta sunkuya ta shinshina kan keken. Ta ce, "Malama, zo. Shekararki nawa?" Malamar ta ce talatin da huɗu. Goggo ta ce, "To ki gaida yayanki."

Tagogi suka fashe da dariya. Ɗan kwangila ya ce sabon keke haka yake ƙara kafin ya saba. Goggo ta ce, "Sabon keke ba ya tari, ɗan nan. Kuma ba ya warin fenti na shekaranjiya." Ta ɗaga ƙyallen, ɗinkin ya tsallake wuri uku, zaren ƙasa ya cukurkuɗe.

Malamar ɗinki ta matso, ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin teburin keken. Ta daɗe a can. Da ta ɗago, tabaranta sun karkace, ta ce da ƙaramar murya, "Wannan lamba bakwai ne." Shugaba ya ce wace lamba bakwai? Ta ce, "Namu. Na bara. Ni na rubuta musu lamba a ƙasa da jan farce don kar a musanya min su. Ga rubutuna nan."

Jama'a, abin da ya biyo baya ba taro ba ne kuma. Ɗalibai suka shigo ta ƙofa da ta taga, kowa ya faɗa ƙarƙashin keke. "Ga lamba uku!" "Ga sha biyu, mai cin yatsa!" Wata ta rungume wani keke tana cewa, "Lamba tara, ashe kana raye! An ce min ka mutu!" Wata ta ce a ba su ruwa, sun sha hanya. Kekunan da aka sayar a matsayin tarkace su ne aka yi wa wanka da fenti, aka sa musu leda, suka dawo gida. Goma sha ɗaya cikin ashirin. Mai hoto kuwa, Allah Ya shirye shi, sai ɗauka yake yi. Ni dariya ta kayar da ni a kan buhun ƙyallaye, ina hawaye, ina riƙe da ciki.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har na ashirin, gwiwarta na ƙara, gumi na zuba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta gama ta sa takalminta, ta zare biron daga ɗankwali. Na ga ta kalli takardar, ta kalli wurin da aka bar mata, hannunta har ya ɗan motsa. Kansila ya ce a hankali, "Goggonmu, ki tuna maganarmu."

Ta ce, "Na tuna, ɗana." Ta ajiye biron a kan takardar, ta juya wajen ɗan kwangila. "Tara na karɓa. Sha ɗayan nan, a canja mana."

Malamar ɗinki, wadda ban taɓa jin ta musa wa kowa ba, ta ce ita ma ba za ta sa ba. Shugaba ya ce shi dama bai duba da kyau ba, ya nemi a ba shi takardar ya soke nasa. A ranar aka loda sha ɗayan a mota, ɗalibai na ɗaga musu hannu suna cewa a gaida gida. Sati uku bayan haka aka kawo wasu, malamar ta leƙa ƙarƙashin kowanne kafin a sauke.

Kwana biyu unguwa ba ta da zance sai wannan. Mata suka yi ta zuwa gaida Goggo, tana ba su labari tana kwaikwayon tarin lamba bakwai, ana ta shewa. Har na fara tunanin Kansila ba zai iya ba, ido ya yi masa yawa.

Ya iya. Ranar da wa'adin ya cika, da hantsi, masinjan ofishinsa ya kawo ambulan. Goggo ta kawo min shago, ta zauna a kujerar masu jira, ta ce in karanta. Na buɗe na ga abin da ke ciki. Sai na fara, "Hukuma tana miƙa matuƙar godiya bisa gagarumar gudummawa da jajircewa da gaskiya da riƙon amana da kika nuna, wanda ba za a taɓa mantawa..."

Ta ɗaga hannu. "Ke. Ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga. Layi uku ne a takardar nan, kin kai na bakwai. Karanta min abin da aka sayar min."

Na karanta. Wa'adinta ya ƙare. Ba a sabunta ba. Ta mayar da fayil ɗin hukuma ofishin sakatare kafin ranar Alhamis.

Ta ce to. Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu. Ni kuwa na tashi da faɗa, na ce wallahi sai mun tara mata, sai mun je ofishinsa, sai ya gane kurensa. Na ce, "Goggo, ke kika yi nasara, kowa ya sani. Kujerar banza, me za ki yi da ita? Ke ai ba ki damu ba."

Goggo, wadda wuta ta ci hannunta ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska a cikin shagona, firinta na ta fitar da takardun wani. Na rufe ƙofa na durƙusa a gabanta.

Da ta lafa, ta share ido, ta kama hannuna ta matse.

"Na damu, 'yar nan. Ina son kujerar nan. Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa ajiye min wuri an ce nawa ne, in ban zo ba a jira ni, sai can. Ko gobe aka sake jera kekunan nan ba zan sa hannu ba. Amma in za ki ba da labarina, kar ki ce ban damu ba. Ki ce ina so, na bari."

Na ce zan faɗa haka, Goggo.

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce in zo ranar Laraba in raka ta mayar da fayil ɗin, don ba ta son hawa benen nan ita kaɗai.